Koyar da bayoloji da kacalla, sauro da waya guda

Tambaya daga wata malama: "Ina koyar da bayoloji daga SS1 zuwa SS3 a wata makarantar gwamnati a yankin Haɗeja. Ɗalibai sun haura tamanin a aji, ɗakin gwaje-gwajenmu ya koma sito, wuta kuwa sai ranar da aka ga dama. A wani taron bita an ce mu riƙa koyarwa da matsalolin muhallin da ke kewaye da mu, mu haɗa da kayan intanet. Ni wayata kaɗai gare ni. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi in gama silabus kafin WAEC da NECO?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ki fara daga silabus ɗin da kike tsoron kada ya ƙi ƙarewa. Kada ki fara daga matsalar muhalli, kada kuma ki fara daga waya. Ki baje darussan zango a gabanki, ki tambayi kanki: wace matsala ce a garin nan za ta iya ɗaukar darussa huɗu ko biyar daga cikin waɗannan a lokaci guda? Wadda ta ɗauka ita za ki riƙe, guda ɗaya tak a kowane zango. Sauran darussan ki koyar da su yadda kika saba. In kika yi haka ba ƙarin aiki kika ɗora wa kanki ba, darussan da a da kike yi a warwatse ne kika tara su wuri ɗaya.

Akwai ramin da malamai da yawa ke faɗawa bayan irin wannan bita. Sai darasin bayoloji ya koma wa'azi: sare itace ba kyau, zubar da shara a kwata ba kyau, mu kula da muhallinmu. Yara sun ji wannan tun suna firamare, kuma babu mai ba su maki a kansa. Abin da bayoloji ke nema shi ne amsar "ta yaya" da "me ya sa". Duk matsalar da ba za ta kai yaro ga aunawa, ƙirgawa, zanawa ko bayanin abin da ke faruwa a cikin jikin halitta ba, ki bar wa malamin tarbiyyar ɗan ƙasa.

Ke kam kin yi sa'a, domin kina zaune a bakin ɗaya daga cikin manyan darussan ilimin muhalli na ƙasar nan, wato kacalla, doguwar ciyawar nan da ke mamaye ruwa mara zurfi. Babu yaron Haɗeja, Guri, Kirikasamma ko Nguru da bai san ta ba, wasu ma iyayensu sun rasa gona ko wurin kamun kifi saboda ita. Amma ki tambaye su me ya sa kakanninsu ba su yi fama da ita haka ba, za ki ji aji ya yi tsit. Nan darasin yake. A da kogin Haɗeja yana cika ya malala da damina, da rani ya janye, fadamu da yawa su bushe ƙaf. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, aka shiga sakin ruwa har da rani don noman rani da ruwan sha. Wuraren da a da suke bushewa wata da watanni suka koma ruwa mara zurfi shekara zagaye. Kacalla kuwa abin da take so ke nan. Da ta kafu sai ta rage wa ruwa gudu, laka ta taru a gindinta, hanyar ruwa ta cushe, ruwan ya karkata inda ba a so, wani gari ambaliya, wani gari ƙishirwa. A cikin wannan labari kaɗai kin samu abubuwan muhalli marasa rai da ke juya rayuwar halittu, kin samu gasa tsakanin tsirrai, kin samu yadda wani nau'in tsiro ke maye gurbin wani sannu a hankali, kin kuma samu tasirin aikin ɗan'adam. Duk suna cikin silabus.

Sai ki sa a kawo miki kacalla ɗin aji, da saiwarta, ba ganye kaɗai ba. Ki roƙi masunci ko manomi ya tumɓuko miki, kada ki aiki yara cikin ruwa, zan faɗi dalili nan gaba. Ki raba ajin gida goma, kowane rukuni ya samu tsiro ɗaya da reza. Su yanka ganyen a gicciye. Za su ga cikinsa duk ramuka ne kamar soso. Ta waɗannan ramuka iska ke sauka daga sama zuwa jijiyar da ke kwance cikin laka, inda babu oksijin. Su duba wannan jijiya mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da sababbin tsirrai, wato haihuwa ba tare da iri ba. Su murza kan nan mai ruwan ƙasa, su ga irin da ke tashi cikin iska da ɗan gashinsa, wato yaɗuwar iri ta hanyar iska. Kowa ya zana abin da ya gani, ya sa sunayen sassa da Turanci, ya rubuta girman zanen idan an gwada da ainihin abin, domin haka ake so a firaktikal.

Daga nan ki jefa musu tambayar da nake ganin ta fi kowace daɗi a wannan darasi: me ya sa in an ƙone kacalla ko an sare ta a sama take dawowa da ƙarfinta, amma in an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, sai ta yi rauni har ta mutu? Kada ki ba su amsa. Wanda ya kalli ramukan nan da idonsa zai gano cewa an toshe wa jijiyar hanyar iska ne, ta koma numfashi ba oksijin, abin da ba za ta jure na dogon lokaci ba. Yaron da ya kai ga wannan da kansa ya riƙe bambancin numfashi iri biyu riƙon da haddar allo ba ta bayarwa. Masu aikin gayyar share hanyoyin ruwa sun san wannan dabara a aikace, in kin samu ɗaya daga cikinsu ya shigo aji na minti goma, ki ba shi wuri.

To ina wayar ta shigo? A ganina aikinta a ajinki shi ne ta nuna abin da ido ba zai iya gani daga inda yaro yake tsaye ba: abin da ya wuce shekaru, abin da ke nesa, da abin da ya yi ƙanƙanta. Duk abin da za a iya tumɓukowa a kawo aji, kada a nuna shi a waya. Google Earth yana da hotunan tauraron ɗan'adam da ke komawa baya har 1984. Ranar da kika samu sabis mai kyau, ki buɗe yankin tafkin Nguru da mashigar Marma, ki ɗauki hoton allon wayar na shekaru uku ko huɗu masu nisa da juna. Ki kai shagon kwamfuta a buga miki kwafi goma, masu launi in aljihu ya yarda, ki sa su cikin leda mai haske su yi miki shekaru. Yara su ɗora takarda mai ƙananan gidaje a kai, su ƙirga gidajen da ruwa ya rufe da waɗanda kore ya rufe a kowace shekara, su fitar da giraf. Abu biyu za ki ja musu kunne a kai. Hoton watan Satumba da na watan Afrilu ba a gwada su, dole lokacin shekara ya zo ɗaya. Sannan kore a hoto ba lallai kacalla ba ce, yana iya zama shinkafa, sai an je an gani ko an tambayi wanda ya san wurin. Wannan jan kunnen shi kansa darasi ne na yadda ake aikin kimiyya. Haka za ki yi da tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980.

Kacalla ba ta tsaya a tsiro ba. Tsuntsun jan-baki na kwana a cikinta ya fito ya cinye shinkafa da gero, ga sarƙar abinci da ƙwarin amfanin gona. Ruwan da ta tsayar kuma gida ne ga ƙananan dodon koɗi na jinsin Bulinus, masu ɗauke da tsargiya. Dalilin da na ce kada yaro ya shiga ruwa ke nan. Ƙwan tsutsar na fita cikin fitsarin mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, abin da ya fito ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, ya sake fitowa a wata siffa mai wutsiya da ke huda fatar mai wanka ko wanki, musamman da rana tsaka, ya je ya girma a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara. A nan gajeren bidiyo yana da amfani na gaske, don babu yadda za ki nuna wannan a fili. Ki sauke shi tun a gida. Ki taɓo maganar da har yanzu ake yi a wasu ƙauyuka cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji, ki bar yaran su rushe ta da zanen zagayen rayuwar tsutsar. In kina son su tattara bayanai, a yi da 'yar takarda ba suna, a jefa cikin kwali. Kada ki ce mai fitsarin jini ya ɗaga hannu. Ki gaya wa ajin gaba ɗaya cewa akwai magani, Praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu kuma ana samu a asibiti.

Zangon da ya faɗo cikin damina ko ƙarshenta, ki ba sauro. Wannan shi ne mafi arha. Robar ruwa da aka yanke, guntun tsohon gidan sauro da za a ɗaure bakinta, da cokali mai dogon hannu. A ɗebo tsutsar sauro daga wurare daban-daban, a rubuta inda aka samo kowace: kwata, tsohuwar taya, randar da ba murfi, sawun shanu da ruwan sama ya cika, ramin da aka haƙa don yin bulo. Yara su duba yadda tsutsar ke tsayawa a saman ruwa. Ta Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kwanciya take yi a miƙe daidai da fuskar ruwa. Ta Culex kuwa rataye take, kai ƙasa, tana shaƙar iska da ɗan bututu. In suka haɗa jadawali, yawanci za su ga abin da zai ba su mamaki: ƙazamar kwata ta fi tara Culex, Anopheles ta fi son ɗan ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka. A cikin zafin ƙasarmu, mako ɗaya zuwa biyu ya isa su ga tsutsa ta zama sauro mai fiffike a cikin robar, cikakken sauyin siffa ke nan a gaban idonsu. A wata robar a ɗiga man gyaɗa kaɗan ya rufe saman ruwan, a ga abin da zai faru. Kafin a buɗe robobin a kashe abin da ke ciki.

Kyamarar wayarki za ta yi aiki a nan. In kika matsa kusa kika ɗauki bidiyon tsutsa ɗaya, abin da mutum biyu kaɗai za su iya leƙawa sai ya zagaya rukuni goma. Akwai kuma ɗan madubin ƙara girma na takarda mai suna Foldscope, wanda Manu Prakash da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, yana ƙara girman abu sau 140 kuma ana manna shi a kyamarar waya. In makaranta ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta saya muku wani abu, ni shi zan sa a gaba kafin majigi, domin majigi sai da wuta.

Akwai matsalar da waya da takarda kaɗai za su koyar da ita, ba a kusantar ta. Gubar dalma ta Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dutsen da ake haƙowa don zinariya yana da dalma mai yawa, ana niƙa shi a cikin gari, har cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ga abin da za ki ciro na bayoloji: jiki na karɓar dalma a matsayin kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru; hanjin ƙaramin yaro na tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba; tana hana jiki haɗa sinadarin jan jini yadda ya kamata, tana lalata ƙwaƙwalwa, tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Kin ga narkewar abinci, jini, ƙashi, jijiyoyi da haihuwa sun haɗu a labari ɗaya, don haka ya fi dacewa da bitar 'yan SS3. Wani abin lura, kafin a farga da mutuwar yaran, agwagin ƙauyukan sun riga sun fara ƙarewa. Ki tambayi ɗalibai me ya sa agwagwa, su yi tunanin inda take kiwo da yadda take cin abinci.

Sauran zangunan ba sa bukatar dogon bayani. Wuta-wuta a gonar dawa: a haƙo ta a hankali tare da saiwar dawar a ga inda ta manne, darasin halittar da ke rayuwa a jikin wata ya samu. A wannan gonar za a yi ƙidaya da kwadirat, karan dawa huɗu masu tsawon mita ɗaiɗai a ɗaure su murabba'i, a jefa sau goma ba zaɓe. In misali an ƙirga tsiro 60, to shida ke nan a kowane murabba'in mita. A tumɓuke wake ko gyaɗa a fasa ƙulullukan saiwa, wanda cikinsa ya yi ja-ja shi ke aikin kama naitirojin. Gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani zai kai ki ga sassabin zamani na manoman Maraɗi da Damagaram, inda tun shekarun 1980 suke barin kututture ya tofo a gona maimakon a ƙone shi, kuma bambancin yana fitowa a hoton tauraron ɗan'adam. Darasin tumbin dabbobi masu tuƙa kuwa, mahaucin kasuwarku zai nuna wa yara ɗakuna huɗun da kuma dunƙulen ledar da yake cirowa daga cikin akuya.

Darasin sauyawar halittu, wanda malamai da yawa ke tsallakewa don gudun ce-ce-ku-ce, ki shige shi ta ƙofar da kowa ya sani. Manoman tumatir a Kano da Kaduna ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda suke kira sharon, ta cinye gonaki ana fesa magani tana ƙara yawa. Haka zazzaɓin cizon sauro ya daina jin Chloroquine har Nijeriya ta sauya magani a 2005. Maganin ya kashe masu rauni, masu juriya suka rage suka hayayyafa. Manhajar PhET ta Jami'ar Colorado tana da wasan zomaye da ke nuna wannan cikin 'yan mintuna, ana sauya muhalli ana ganin wane launi ke yawaita, kuma ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba intanet.

Game da kayan intanet gaba ɗaya, ki ɗauka cewa a cikin aji babu sabis, ko da akwai. Komai a sauke tun da dare, a ajiye a katin waya, a tura wa abokan aiki ta Xender. Kiwix na ajiye Wikipedia a waya ba data. Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, yana bin tsarin karatun ƙasar nan, ya cancanci ki leƙa ki ga abin da ya dace da ajinki. Bidiyo kada ya wuce minti uku, kuma a ba da tambayar da za a amsa kafin a kunna. Da waya ɗaya da yara tamanin, tsarin tasha-tasha ne mafita: rukuni ɗaya na kan waya, wani na kan tsiro, wani na kan hoton da aka buga, wani na zane, bayan 'yan mintuna a juya. Firiyod biyu a haɗe ya fi dacewa da wannan. Kada ki ba da aikin gida da sai da waya, domin kin san su wa za a bari a baya, 'ya'yan marasa hali da yawancin 'yan mata.

Manhajojin gane tsirrai irin su Pl@ntNet da Seek suna taimakawa, amma sukan yi kuskure a kan tsirran yankinmu. Haka masu amsa tambaya irin su ChatGPT da Meta AI, za su ba ki suna da cikakken ƙarfin gwiwa alhali ba shi ba ne. Ki mai da wannan aikin aji: abin da waya ta ce, abin da tsohon makiyayi ko mai maganin gargajiya ya ce, abin da littafi ya ce, a gwada a ga wa ya dace da siffar ganyen da ke hannu.

Kafin kowace fita, izinin shugaban makaranta a rubuce, sanarwa ga iyaye, da gaisuwa wurin mai unguwa da mai gonar. Inda tsaro bai inganta ba, harabar makaranta da bayan katanga sun isa, sauran a kawo aji. Ki kuma kula da harshenki a kan sana'ar mutane. A cikin yaran nan akwai ɗan mai sayar da itace, ɗan mai gawayi, ɗan mai feshi. In darasi ya zama tuhumar iyayensu, kin rasa su.

Batun jarrabawa kuma, kowane aiki ya ƙare da abu uku a littafin yaro: zane mai sunayen sassa, jadawali ko giraf na alƙaluman da rukuninsa ya tara, da tambayoyin WAEC ko NECO na shekarun baya guda uku zuwa biyar a kan wannan darasi, a amsa su da Turanci. Tattaunawa a rukuni ta gudana da Hausa in haka ne zai sa su yi gardama da gaske, amma kalmomin fannin a rubuta su a allo da Turanci tun ranar farko, a riƙa maimaita su, don kuskuren harafi a sunan sashe yana cin maki a firaktikal. A sikim ɗinki, gaban kowane mako na aikin kacalla, ki rubuta sunayen darussan silabus da ya rufe, yadda in mai duba malamai ya zo zai ga ba a tsallake komai ba. Zangon farko ki tsaya a SS1 da kacalla kaɗai, ki ajiye giraf ɗin da suka yi da hotunan da kika buga, 'yan shekara mai zuwa su ɗora nasu alƙaluman a kai.